Ciwon Kan Tamla

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, don har yau idan aka tuna wa Tamla shi sai ta rufe fuska da hannu biyu. Ita ce daga baya ta ce in rubuta.

Tamla ta sauko daga ƙauyenmu na kan dutse, ta sami aiki a wata rumfar ɓare tafarnuwa a garin Lamfun. Mata tara ne a rumfar, ita kaɗai ce Kirista. Da rana idan aka shimfiɗa tabarma, kowa ta buɗe kwandon shinkafarta mai danƙo, sai Tamla ta sunkuyar da kai ta yi addu'a da sauri, kamar mai satar nama a tukunya.

Wata Lahadi a coci matar fasto ta ce wa 'yan mata ba sai sun iya wa'azi ba. Hira ce kawai, in ji ta, wanda ya tambaye ku ku amsa masa da gaskiya. Tamla ta gyaɗa kai. Har ta tsara amsarta a zuci, tana maimaitawa a hanya.

Ranar Talata kuwa tambayar ta zo. Gwaggo Buakiyau, wadda ta girme su duka, ta matso ta ce a hankali, "Ke 'yar dutse, me kike yi ne idan kin rufe ido?"

Kafin Tamla ta buɗe baki, Jampi sarkin tsokana ta cafe. Ta ce ai ƙara take kai su wurin Allahn Turawa, wai miyarsu ta cika barkono. Rumfa ta ɗauki dariya. Tamla ta ji kunnuwanta sun yi zafi, amsar da ta tsara ta bi iska.

"Ciwon kai ne, Gwaggo," ta ce.

Kashegari Gwaggo ta zo da 'yar kwalbar man zafi. Lokacin cin abinci ta lakato da yatsa, ta murza wa Tamla a gefen goshi da bayan wuya. Ta kuma tashe ta daga bakin ƙofa inda rana ke dukanta, ta ba ta wurinta na kusa da fanka. Haka aka yi ta yi kullum har kusan mako biyu. Tamla na zaune ana shafa mata magani a kan da lafiyarsa ƙalau. Addu'ar ma ta daina. Da matar fasto ta tambaya ko akwai wadda ta sami zarafin magana, Tamla ta ce ita dai babu wanda ya tambaye ta komai.

A bakin Jampi ta ji cewa Inta, autan Gwaggo, ya faɗi da babur tun makonni uku, yana asibiti bai san wanda ke kansa ba. Gwaggo ta kai wa masu zuhudu na addininsu sadakar abinci da asuba, ta ɗaura masa farin zare a hannu, ta saki kifi a kogi don neman lada. Da yamma daga rumfa asibiti take wucewa.

Ranar Alhamis bayan an tashi, suka rage su biyu a bakin famfo suna goge warin tafarnuwa da lemun tsami. Tamla ta yi ƙarfin hali ta tambayi mai jiki. Gwaggo ta ce yana nan yadda yake. Ta daɗe tana cuɗa yatsunta kafin ta ƙara magana.

"'Ya'ya biyar na raina, yarinya. Na san fuskar mai ciwon kai. Ranar nan so na yi ki sa mini sunan Inta a abin da kike faɗa. Da na ga kina jin kunyar Allahnki, sai na ce kada in matsa miki."

Tamla ta rasa inda za ta sa idonta. Da ƙyar ta ce, "To man zafin fa?"

"A gaban mutane kika faɗa. Da ban kawo ba, ai da Jampi ta gano ki."

Gwaggo ta yarfe hannu ta tafi neman mota. Tamla ta tsaya, famfo na zuba a ƙafafunta. Ta tuna kwana goma sha shida ke nan da Gwaggo ta yi mata tambayar, yaron yana kwance, ita kuwa ko sau ɗaya sunansa bai fito daga bakinta ba.

Da safe ta riga kowa zuwa. Ta jira har mata suka cika, aka zazzage buhun farko. Sai ta ɗauko kwalbar daga inda Gwaggo ke ajiye ta, ta durƙusa ta miƙa mata da hannu biyu. Ta ce kanta bai taɓa ciwo ba, ƙarya ta yi, addu'a take yi ga Yesu kafin ta ci abinci. Ba a ma ji ƙarshen maganar sosai ba.

Jampi ta ce, "Ashe asarar mai muka yi ta yi a kan dutse." Wasu suka yi dariya kaɗan.

Tamla ba ta ɗago ba. Ta tambayi Gwaggo cikakken sunan yaron, Gwaggo ta faɗa mata sau biyu. Nan a kan ɓawon tafarnuwa ta rufe ido ta fara addu'a, da ƙarfi yadda kowa zai ji.