Ciwon Bayan Ɗan Gwaggo

Tun da na dawo daga ƙarin karatu aka ba ni ɗakin duba marasa lafiya da izinin rubuta magani, dangi suka tuna ina raye. Da can "nas mai allura" suke ce mini. Yanzu kuwa na zama likitar gida, kuma a ganinsu aikina bai wuce in zaro biro in sa hannu ba. Ba ruwansu da cewa sai na tambayi mutum, na auna shi, na tura shi gwaji, kuma in maganin ya cutar da shi ni za a kama.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta fi kowa naci. Wai ɗanta na fama da ciwon baya, in rubuta masa ƙwayar nan mai ƙarfi. Na ce ya zo in duba shi. Wannan wane irin ciwon baya ne, ya bar mutum ya buga ƙwallo da yamma amma ya hana shi takowa asibiti? Kowa ya san shaye-shaye yake yi da ƙwayar, kowa ya yi kunnen uwar shegu. Har ƙarata aka kai wajen Baba, wai boko ya sa na yar da zumunci. Abin ya ƙona mini rai matuƙa.

Rannan sai ga ta a asibiti. Ta tsallake layin masu jego da masu ciwon suga, ta faɗo mini ɗaki. Na miƙe na amayar mata da duk abin da na tara: lasisina ba gadon gida ba ne, kuma ba da hannuna za a ƙarasa mata ɗa ba.

Ta kai hannu za ta dafa tebur, mayafinta ya zame. Damtsenta ya kumbura, ya yi baƙi, ga shatin yatsu raɗau.

Ta ce faɗuwa ta yi. Na zuba mata ido har ta sunkuyar da kai.

"In bai samu ƙwayar ba, a kaina yake hucewa, 'yata. Ki rubuta ko ta kwana biyu ce."

Na tura ƙofa na rufe, na wanke hannu.

"Ba zan rubuta ba, Gwaggo. Hau gadon nan, ki nuna mini sauran wuraren."