Shayin Angelina

Sakinatu na jera kofuna a bayan ɗakin taron makarantar 'yarta da ke Lewisham lokacin da baƙuwar ta hau mumbari. Sai da butar shayi ta kusa suɓuce mata. Gashin ya yi furfura, amma tafiyar nan ta mai saurin kama bas ba ta canja ba.

Shugabar makaranta ta gabatar da ita: Angelina, jami'ar diflomasiyya daga tsibirin Malta. Digirin farko a fannin shari'a a ƙasarsu, na biyu a nan Landan a 1982, aiki a Rum, a Tunis, yanzu kuma ta dawo Landan.

Tare da Sakinatu suka fara digiri na biyun nan. Wata huɗu ya rage su gama Zailani, mijin Sakinatu, ya ce ta dakata, ga jaririya, ga kundin digirinsa na uku babu mai buga masa. Ta buga, ta gyara, wasu babukan ma ita ta rubuta. Dakatawar ce har yau. Shi kuwa ga shi can a sahun gaba, Dokta guda, ya baza babbar riga.

Jaririyar, Shafa'atu, ita ce yanzu ta samu gurbi a wata jami'a a Sukotland. Dokta ya ce babu inda za ta, karatun mace a gaban murhu yake ƙarewa.

"Ba ni ce gwanar ajinmu ba," in ji Angelina. "Wata 'yar Najeriya ce. Rana ɗaya muka neme ta muka rasa. Na tabbata tana can tana wakiltar ƙasarta."

Dokta ya fi kowa tafi.

* * *

Da aka tashi, Shafa'atu ta ja hannun ubanta har teburin shayi.

"Baba, ka ji ko? A Nigerian woman!"

"Na ji. Irin waɗannan ai ba su da aure," ya ce, yana zaɓen biskit.

Abin ya yi wa Sakinatu ciwo, ciwon da ta ɗauka ya daɗe da mutuwa. Ta so ta shige kicin, amma layi ya riga ya kawo Angelina gabanta. Ba ta tambaye ta komai ba. Ta zuba mata baƙin shayi babu sukari, ta matsa lemon tsami, kamar yadda suke sha a ɗakin karatu.

Angelina ta kurɓa, ta ɗago kai. Ta daɗe tana kallon fuskar da ke cikin mayafin.

"Sakina?"

"Ni ce." Ta jawo 'yarta kusa. "Wannan ce Shafa'atu, wadda kike goyawa in ina rubutu. Sukotland za ta tafi karatu a watan Satumba."

Angelina ta rungume yarinyar, ta juya ta taya Dokta murna. Iyaye sun kewaye su, babu yadda zai yi. Ya ce, "Da yardar Allah," biskit na farfashewa a hannunsa.

* * *

Suna cikin mota, sun kusa gida.

"Mama," Shafa'atu ta ce daga kujerar baya, da Hausarta mai tsami, "me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Dokta ya ƙara ƙarar rediyo.

"Gobe ina da baƙi," ya ce. "A yi tuwo da wuri."

Sakinatu ta ce to. Har yanzu hannunta na ƙanshin lemon tsami.