Makoki Ba Ya Neman Lasisi

Da ƙaramar hukuma ta ƙi sabunta wa kulob ɗinmu na ƙwallon kwando lasisin sayar da giya da kunna injin waƙa, dariya mutane suka yi. An faɗaɗa shingen makarantar firamare ne, sai tsakaninta da ƙofar kulob ya kasa kai mita ɗari, doka kuwa ɗari take so. Kowa ya ce kwana biyu za a manta. Ba a manta ba. Aka ɗaure firij da sarƙa, aka lulluɓe injin da buhun shinkafa. Cikin wata biyu maza suka daina zuwa kallon wasa, abin da ya nuna cewa tun asali ba ƙwallon ce ke kawo su ba.

A watan Fabrairu wani masunci ya rasu. Gidansa ɗaki ɗaya ne a kan ruwa, sai aka kawo akwatin gawarsa filin kulob, inda akwai rufin kwano da bencuna. A nan tsibirinmu na Bohol babu jami'in da zai shigo wurin makoki ya ce a nuna masa takarda. Aka sha giya da bammin kwakwa, aka buga karta, aka yaye wa injin buhunsa. Kwana tara da aka saba yi kafin binnewa suka zama goma sha biyar. Matar mamacin ta riƙa cewa ba ta san haka ake son mijinta ba. Mu nan an yarda cewa yawan jama'a a makokin mutum shi ne shaidar halinsa. Na je makokin ɓarayi biyu da na wani mai dukan matarsa, duk sun cika maƙil, don haka ni dai ban taɓa yarda ba.

A Maris aka sake yin wani makokin a filin, shi ma ya ci sati biyu. Daga nan mutuwa ta ɗauke ƙafa. Ga gasar bikin gari tana tafe a tsakiyar Mayu, ƙauyuka shida za su zo, kuma ba lasisi.

Lokacin ne Wensing, shugaban kulob, ya fara zuwa gidanmu. Ni na koyar da shi a aji huɗu, ban kuma tuna ya taɓa gaishe ni a hanya ba. Gidan mu biyu ne, ni da yayana, Manoy Tikyo, wanda ya kafa kulob ɗin ya kuma yi shekara talatin yana kocinsa. Shekararsa tamanin da ɗaya, zuciyarsa ta gaji, idonsa ma ya kusa tafiya. Ƙwayoyi uku yake sha kowace safiya, likita ya ce su ne ke riƙe da shi.

"Malama Soling, kin ƙi tsufa!" in ji Wensing daga ƙofa. "Ina Koci?"

"Yana nan inda ka bar shi shekara goma da suka wuce. Me ya tuno maka da mu?"

"Haba Malama, har yanzu bakin nan bai yi ritaya ba?"

Ya shige ɗaki. Ina wanke kifi ina jin su. Hirar gasar da suka ci tun Wensing yana da gashi suka yi, sannan ya sassauta murya. Na ji yana cewa mutum irin Koci ba a ɗaki ya kamata a yi masa bankwana ba, a tsakiyar fili ya dace, ƙauyuka shida suna tsaye. Na ji Manoy yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Sau huɗu ya zo a sati biyu. Ƙafafun Manoy suka fara kumbura. Wata safiya ina shara na ja tsohon takalminsa na wasa daga ƙarƙashin gado, sai na ji abu yana kaɗawa a ciki. Na zazzage a tafin hannuna. Ƙwayoyinsa ne, na kwana goma sha ɗaya.

"Manoy, mene ne wannan?"

"Me kike nuna wa makaho?"

"Wensing ne ya ce ka daina sha?"

"Ba wanda ya ce mini komai. Yaron nan ya fi ki kunya." Ya juya fuskarsa wajen taga. "Soling, in bana aka yi gasa fili babu kowa, an gama. Baɗi ba ƙauyen da zai zo. Ni kuwa ko bana ko baɗi tafiya zan yi. Me zai hana in tafi lokacin da zan yi amfani?"

"Amfanin rufa wa firij asiri? A ajiye ka ƙarƙashin kwando, mashaya suna ɗora kwalba a kan akwatinka?"

"A ƙarƙashin kwandon nan na yi rayuwata. Ke ce dai ba ki taɓa zuwa kallo ba."

Na yi faɗa, na yi roƙo, na ce zan kira fadan cocinmu. Ya ce in kira, shi ma fadan ɗan wasansa ne. Ƙwayar dai bai karɓa ba.

Washegari na hau babur mai ƙafa uku zuwa ƙaramar hukuma, na ce a ba ni dokar in karanta da idona. Yarinyar da ke teburin ta ce ba a taɓa tambaya ba. Na zauna na karanta. Daga ƙofar shiga ake aunawa, ba daga gini ba. In aka toshe ƙofar gaba aka buɗe wata ta ɓangaren teku, an wuce mita ɗari har da saura. Wata huɗu maza suna kuka, ba wanda ya buɗe shafi na biyu. Na cike takardar neman sabon lasisi, yarinyar ta buga mata hatimin shaidar karɓa.

"Yaushe kwamitin zai zauna?"

"Ranar uku ga Yuni, Malama."

Gasa kuwa goma sha biyar ga Mayu.

Da na koma gida na zauna a bakin gadon Manoy, na ɗora yatsansa a kan hatimin. Na ce masa lasisi ya fito, ƙofa kawai za a canja. Ya daɗe yana shafa takardar.

"Ke ba ki ƙarya, Soling," ya ce. "Shi ya sa ba ki da ƙawaye."

Ya miƙo hannu, na zuba masa ƙwayoyi uku, ya haɗiye.

Da la'asar na hango Wensing yana tahowa. Na fita na tsaya a ƙofa, na gaya masa duk abin da na yi, har da ƙaryar, murya ƙasa ƙasa. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Lasisi yana da lokacin rufe kulob, Malama," ya ce. "Makoki ba shi da shi."

"Wane ne a nan?" Manoy ya tambaya daga ciki. "Wensing, kai ne? Da gaske takarda ta fito?"

Na riƙe ƙyauren da hannu biyu. Wensing ya dube ni, bai yi gaggawa ba.

"Ta fito, Koci!" ya ɗaga murya. "Ka sha maganinka, kai za ka jefa ƙwallon farko!"

Na ji Manoy yana buga gado don murna. Na buɗe baki zan yi godiya, sai na ga ba fuskata Wensing yake kallo ba. Yadda na dafe ƙyaure yake kallo, da yadda numfashina yake fita da ƙyar daga tsayuwar nan kawai.

"Gasa saura kwana ashirin da uku," ya ce a hankali. "Ke fa, Malama, yaya jikin? Ɗalibanki kaɗai in suka zo yi miki bankwana a fili, ban san inda za mu samo musu bencuna ba."