Ankon Masu Raino

Kifi Mame Araba take jerawa a cikin sabon akwatin da aka saya mata. Banda ne mai maiƙo, ta nannaɗe kowanne a tsohuwar jarida, tana cusa shi tsakanin zannuwa tana 'yar waƙarta ta coci. Kafin ka ce kwabo warin hayaƙi ya cika ɗakin, ya ratsa falo, ya je ya iske 'yarta Kukuwa a kicin.

"Mame! Me zan gani haka? Tsibiri fa za mu. Ruwa gaba, ruwa baya. Kifin can ya fi mutanen can yawa."

"Nasu ne," in ji tsohuwar, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wannan nawa ne. Kin san hannun da ya ƙyafa nasu?"

"A filin jirgi za su zubar da shi."

"Su zubar in gani. Wanda ya taɓa mini kifi, ko soja ne, sai ya san ya taɓo 'yar Anomabo."

Kukuwa ta yi dariya, amma dariyar iyakarta baki. Ta tsaya a ƙofa tana kallon bayan uwarta, bayan da ya ranƙwafe a gaban murhun banda shekara da shekaru. Da wannan hayaƙin aka biya mata makaranta tun daga firamare har jami'a, bayan teku ya haɗiye ubanta da kwalekwalensa tana goye. Hayaƙin ne kuma ya cinye wa tsohuwar ido, har ta kai aka ɗauko ta daga Anomabo, garinsu na bakin teku, zuwa Akra a yi mata aiki. An yi aikin, ido ya buɗe, ta zauna tana fama da jikarta Efuwa, 'yar shekara uku, wadda ba ta da kalma a baki sai "Nana", wato kaka.

"Teku ya ci mini miji," in ji Mame Araba tana danne murfin akwati da gwiwa. "To, ga shi zan bi ta samansa in leƙo shi. Kin gama mini komai, Kukuwa. Ko gobe na mutu ban da kaico."

Kukuwa ta juya ta koma kicin da sauri. Kunya ce ta kama ta, kunya mai nauyi, domin ita kaɗai ta san da wane suna aka saya wa uwarta tikitin nan.

*

Abin ya fara ne da 'yar ƙarya ƙarama, irin wadda ake yi a wurin shan shayi a manta. Sanda mijinta Fifi ya sami babban matsayi a banki suka koma unguwar masu hali, Kukuwa ta faɗa cikin matan manya. Wannan ubanta alƙali ne, waccan uwarta likita ce a Landan. Da zance ya zagayo kanta, sai ta ji bakinta yana cewa uwarta tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce a Takoradi, ta yi ritaya. Aka gyaɗa kai, aka wuce. Wa zai bincika?

Sai ga ranar da Serwa, uwar tafiyarsu, ta faɗo gidan ba sanarwa. Ta iske wata tsohuwa a bayan gida, ɗaurin ƙirji, ba takalmi, Efuwa a goye, tana kankare ɓawon kifi da guntuwar wuƙa.

"Kai, Kukuwa, kin yi dace! Ina kika samo wannan? Irin tsofaffin nan sun fi 'yan matan zamani amana sau dubu."

Kalma biyu kawai ake nema. Uwata ce. Kukuwa ta buɗe baki, ta dubi takalmin Serwa, ta dubi faso a ƙafar uwarta.

"Daga garinmu take," in ji ta.

Ba ƙarya ta yi ba, haka ta riƙa faɗa wa kanta. Ai daga garinsu take. To amma wanda ya haɗiye taɓarya, a tsaye zai kwana.

Da Serwa ta kawo shawarar su tafi hutu tsibirin Sao Tome, mata zalla, kowa da 'ya'yanta da mai rainonta, Kukuwa ta ce ita yarinyar aikinta ta gudu. Serwa ta ce, "To tsohuwar nan taki fa? Ɗauko ta mana." Shi ke nan. Da yamma Kukuwa ta durƙusa gaban uwarta ta ce za ta kai ta ganin duniya a jirgin sama. Tsohuwar ta miƙe ta taka rawa a tsakar falo. Kafin gari ya waye kaf Anomabo an ji. Ƙungiyar mata masu banda suka aiko mata da sabon ɗankwali, fasto ya ambaci sunanta a coci, har kishiyar sana'arta, Mansa, wadda ba sa ga maciji da ita, ta bugo waya ta ce a gaishe da Kukuwa, 'yar halak wadda ba ta manta nono ba.

Duk sanda aka isar mata da irin wannan gaisuwa, sai Kukuwa ta ji kamar ta nutse.

*

Ranar Asabar aka sa za a taru a gidanta a ƙarasa shiri, tela kuma ta zo ta gwada kowa, domin tafiya irin wannan ba ta yiwuwa ba anko. Tun da safe Kukuwa ta shiga ɗakin uwarta.

"Mame, ƙawayena za su zo. Surutu ne kawai da hayaniya. Ki kwanta ki huta, likita ya ce ki riƙa hutar da idon nan."

"To," in ji tsohuwar.

Suka zo da la'asar, ƙamshin turare ya riga su shigowa. Serwa a gaba, sai Dede, mai sanyin hali, sai Anti Koko tela da tef a wuya da ƙunshin yadi biyu a hammata. Aka baje hotunan masauki a waya, ana ta shewa. Ga farin yashi, ga bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo kan ruwa, ga ɗakunan katako a bakin teku. Serwa ta ce ranar farko kwalekwale za su shiga, rana ta biyu gonar koko, kuma duk wadda ta sake ta yi ƙiba kafin tafiya, ba ita ba hoto.

Anti Koko ta kwance ƙunshinta. Fari mai zanen ganyen kwakwa na uwayen gida. Shuɗi mai layi-layi na masu raino, don a riƙa gane su daga nesa a bakin ruwa.

Nan ne ƙofar ɗaki ta buɗe.

Kukuwa ta manta abu guda, ita da aka haifa a Anomabo. A wurinsu ba a yin baƙi babba yana cikin gida ya ƙi fitowa. Wannan zagi ne ga baƙo, abin kunya ne ga mai gida. Babba shi ke zama, a ba baƙi ruwa, a gaisa hannu da hannu daga dama zuwa hagu, sannan ya tambaye su abin da ke tafe da su, ko da ya sani. Mame Araba ba za ta bari a ce 'yarta ba ta da tarbiyya ba.

Ta fito cikin atamfarta ta ƙasan adaka, wadda ba ta ɗaurawa sai ranar babban biki. Ga murjani a wuya, ga sabon ɗankwalin ƙungiya, ga takalmin fata. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya daga dama tana miƙa hannu. Sannan ta wuce kai tsaye ta zauna a babbar kujerar Fifi, ta gyara zama, ta ɗora hannuwa a gwiwa.

"Sannunku da zuwa, 'ya'yana. Kukuwa, an ba su ruwa? Mu nan gida lafiya lau. Ku ne kuka sha hanya, me ke tafe da ku?"

Baƙin suka dubi juna. Sai Serwa ta fashe da dariya har da dukan cinya.

"Wayyo cikina! Kukuwa, kin sangarta tsohuwar nan. Tawa ta hau kujerar maigida? Ranar za ta kwana a ƙauyensu."

"Haba Serwa, bar ta mana," in ji Dede. "Tsufa ne. Iya, lafiya lau muka zo, shirin tafiya ne." Ta juya ga Kukuwa don ta kawar da zancen. "Af, ya jikin Mama shugabar makaranta? Har yanzu tana Takoradi? Ya kamata dai wata rana ki kai mu mu gaishe ta."

Mame Araba ta dubi Dede. Ta dubi Serwa. A hankali ta juyo da idon nan da aka yi wa aiki, idon da yanzu yake gani tar, ta ɗora shi a kan 'yarta.

Anti Koko, wadda ba ruwanta da komai sai aikinta, ta zare tef daga wuya.

"Madam, wannan wanne za a yanka mata? Farin ko shuɗin?"

Kukuwa ta dubi yadin biyu. Ga ƙofa a buɗe, an ba ta dama ta biyu, abin da ba kowa ke samu ba. Abin da ya rage kawai ta ce farin, ta ce wannan ita ta haife ni, ba wata shugabar makaranta, kifi take ƙyafawa kuma da shi na zama mutum. Serwa za ta taɓe baki, gobe labari ya zaga unguwa, a yi mako ana dariya, shi ke nan. Mene ne a ciki? Ta san duk wannan. Wallahi ta sani. Amma ta hango fuskar Serwa tana ba da labarin a wurin gyaran gashi, sai harshenta ya yi nauyi.

"Shuɗin," in ji ta, murya can ƙasa.

Tsohuwar ta dafa hannun kujera ta miƙe. Ta zare takalmanta ta riƙe a hannu, kamar yadda ake yi a gaban wanda ya fi ka. Ta ɗan rusuna.

"A gafarce ni, Madam. Tsufa ne, na manta wurina."

Ta juya ga Dede. "Wadda kike tambaya tana nan lafiya, 'yata. Na san ta sosai. Ta sha wahala a kan 'yarta."

Sannan ta je gaban tela ta ɗaga hannuwa sama, aka zagaya ta da tef.

*

Baƙi na fita Kukuwa ta faɗa ɗakin uwarta ta zube a ƙasa, ta kama ƙafafunta.

"Mame, ki yafe mini. Ki zage ni, ki mare ni, don Allah ki yi mini wani abu."

Tsohuwar tana zaune a bakin gado tana ninke atamfarta, gefe kan gefe, ba gaggawa.

"Tashi, kar ki ɓata kayanki."

"Zan kira su yanzu in faɗa musu gaskiya."

"Da kina iyawa, da kin faɗa ɗazu." Ba faɗa a muryarta, wannan ne ma ya fi ciwo. "Ni na kai ki makarantar da aka koya miki jin warin kifi. Da wa zan yi kuka?"

"To a fasa tafiyar. Ba za ni ba, ke ma ba za ki ba."

"A fasa?" Sai yanzu ta ɗago. "In koma Anomabo in ce musu me? Fasto ya yi addu'a, mata sun yi mini ɗankwali. Mansa ta tambaye ni dalili, in ce 'yata ce ta ji kunyata? Ni ban haife ki don a zage ki a bakin teku ba. Za ni. Zan sa shuɗin, in riƙe miki yarinya, ku yi hotunanku. In na koma in ce musu an kai ni, na ga duniya."

Kukuwa ta kifa kai a katifa tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Uwar ta bar ta ta yi mai isarta. Ba ta dafa ta ba, ba ta kuma janye ƙafarta ba.

Waya tana hannun Kukuwa duk yammacin nan. Ta nemo sunan Serwa ya fi a ƙirga, ta zuba masa ido, ta kashe. Ta ce gobe. Gobe da safe, in hankali ya kwanta.

Da safen ta fito da niyyar shiga kicin, sai ta jiyo murya daga bayan gida. Ta leƙa ta taga. Mame Araba na zaune a 'yar kujerar tsugunno, ta tsayar da Efuwa tsakanin gwiwoyinta, ta riƙe 'yan hannuwanta biyu.

"To, sake faɗa. Wace ce ni?"

"Nana!"

"A'a. In mun shiga jirgi ba Nana. In kika ce Nana, mamanki za ta ji kunya. Ce Anti."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauka sabon wasa ne. "Nana!"

"Anti. Faɗa a hankali. An-ti."

Efuwa ta karkata kai, ta dubi bakin kakarta, ta tattara duk wayonta.

"Anti."

"Yawwa, 'yar albarka," in ji tsohuwar, ta tafa mata. "Sake faɗa, kar ki manta."