Zayyanar Malam Illo

Shekarar da na dawo Tasawa daga karatu a Fas ta ƙasar Maroko, na tarar malamai sun rabu biyu kan Alƙur'anin Malam Illo.

Malam Illo tsoho ne, idonsa ya kusa mutuwa. Wannan shi ne na ƙarshe da zai rubuta, kuma ya yi niyyar ba da shi waƙafi ga masallacin Juma'a. A kan kowane rubu'i ya zana babbar zayyana da ja da rawaya, irin saƙar tabarma. Malam Cha'ibu, limamin, ya ce bidi'a ce, a wanke takardun.

Aka kira ni zauren liman, wai na ga duniya.

"To, ɗan Fas," in ji Malam Cha'ibu, "ko can ma haka ake yi wa Littafin Allah kwalliya kamar amarya?"

"Allah gafarta Malam, can har da ruwan zinariya. Wasu magabata sun ƙi, wasu sun yarda. Ban ji wanda ya ce a wanke ba."

"Ka ƙetare Sahara don ka kawo mana 'wasu da wasu'?"

Aka yi dariya. Malam Illo bai yi ba. Yana riƙe da gafakar fatar a cinyarsa.

Aka ja littattafai har la'asar. Daga baya liman ya sassauta. Alƙur'aninmu ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne a cikin gafaka. Ya ce a zare masu zayyanar, sauran su shiga masallaci.

Da kansa ya zaro ta farko. Ya juya ta, ya tsaya. Bayanta cike yake da ayoyi. Takarda daga Tarabulus take zuwa, ga tsada, ba mai barin fuska guda ba rubutu. In an zare ta, surar ta yanke.

"Illo, duka haka suke?"

"Duka, Liman."

Malam Cha'ibu ya daɗe yana duban warƙar. Ya mayar da ita gurbinta, ya daidaita gefen da tafin hannu, ya ɗaure gafakar.

"Ba zan rage Littafin Allah ba. Ba za a wanke ba. Amma ba zai shiga masallacina ba."

Malam Illo ya laluba ya karɓa. Na raka shi gida. A ƙofa ya ce, "Can Fas, wane launi suke sa wa tsakiyar zayyana?"

Na ce shuɗi.

"Ban samu shuɗi mai kyau ba," ya ce, ya shiga da Alƙur'aninsa.