Rigar da Inna Ta Saƙa wa Saba

A zauren gidansu da ke Kiru Mas'ud ya ajiye sabarsa, wato kwamfutar da ma'aikatan ofisoshi ke kira ta layin tarho su shiga intanet. Kwatsam sai ta tsiri wani hali. Da rana ta take, yana can wurin aiki, sai ta sandare, allon ya cika da rubutu cewa kanel, zuciyar manhajar, ya faɗi. Har daga Dangora ake aiko masa da ƙorafi.

Ya canja modem, na'urar da ke haɗa ta da layin tarho, ya sake loda manhaja, duk a banza. Da ya lura kowace faɗuwa da irin saƙonta, sai ya zargi zafi. Amma fanka lafiyarta ƙalau.

Wata rana ya dawo gida kafin azahar. Ya tarar da sabar lulluɓe cikin rigar saƙa mai kauri, har da bazar ado. Mahaifiyarsa, Inna Saude, tana gefe tana tsince shinkafa.

"Inna, wannan fa?"

"Rediyo da talabijin duk suna da riga, ita da ke wahala dominmu tana zaune tsirara? In ka kusa dawowa nake cirewa, na san ka da mita."

Mas'ud ya durƙusa yana danne dariya. "Inna, ta baya take numfashi."

Inna ta yi salati, ta jawo almakashi don ta yanke bayan rigar. "Ashe shaƙe baiwar Allah nake yi! Halinku ɗaya. Kai ma kana jariri, da na lulluɓe ka sai ka shiɗe."