Farin Ƙyallen Saliha

"Goge wancan ma," in ji Goggo. "Mai jan ɗaurin nan. Kada ka bar ko ɗaya."

Suwaiba ta tsaya cak a bakin tsakar gida da kwanon kunu a hannu. Maƙwabcinta Abbas na tsugune a gindin katanga, wayar matarsa Saliha a hannunsa, yana goge hotuna ɗaya bayan ɗaya. Goggo, yayar mahaifinsa da ta zo daga Bulkachuwa zaman jiran haihuwa, tana tsaye a kansa tana leƙe.

"Malam Abbas, me ake yi haka?"

"Magani ake yi," Goggo ta amsa tun kafin ya buɗe baki. "Baki ne ya kama yarinyar nan. Mace da cikin wata takwas, kullum ta baje kaya a waya, duniya na kallo, ana ta kai ya yi kyau, kai ya yi kyau, ba mai cewa tubarkalla. Ina za ta kai wannan bakin?"

Suwaiba ta ɗaga labule ta shiga ɗaki. Saliha na kwance a kan katifa. Fuskarta ta kumbura har idanun sun ƙanƙance, zoben hannunta ya nutse cikin yatsa.

"Kaina, Suwaiba," ta ce a hankali. "Kwana uku ke nan kamar ana sara da gatari. Yau kuma wasu taurari nake gani suna yawo."

A kusurwar ɗakin kwanduna ne jere, wasu an naɗe su cikin leda mai sheƙi, wasu ba a kai gare su ba. Sana'ar Saliha ke nan, haɗa kwandon kyauta: turaren wuta, humra, sabulu, dabino, wani lokaci da ɗan faifai mai ado. Shekara uku da suka wuce ta fara da kwando shida da ta sayo wajen matan Gololo. Ta jera su a ƙofar gida mako biyu cur, mutane na tayawa suna wucewa, ba ta sayar da ko ɗaya ba.

Sai ta gano haske. Ta kafa ƙusa biyu a katangar da ke kallon gabas, ta rataya farin ƙyalle. Da ƙarfe bakwai da rabi, idan rana ta tsallako ta saman gidan su Suwaiba, sai ta ɗora kwando a kan turmi ta ɗauki hoto ta sa a waya. Suwaiba ce mai riƙe gefen ƙyallen kada iska ta kaɗa shi, don haka duk darasin a kunnenta aka yi shi.

"Kada ki ɗauki hoto da rana tsaka, kaya sai su yi fari fat. Kuma kada ki taɓa rubuta a taimaka a saya. Ba bara nake yi ba."

Da farko a jikin leda take manna lambar wayarta. Wata huɗu ba wanda ya kira, sai da ta je wani suna ta ga ledojinta a yage a ƙasa ana takawa. Daga ranar ta koma ɗinke 'yar takarda mai lambar a gindin kwando. "Wadda aka ba kyautar yau, ita ce mai saye gobe," in ji ta. Kafin shekara ta zagayo ana kiranta daga Misau, ma'aikata na yi mata odar Kirsimeti, amare na yin layi bayan Sallah. Da waɗannan hotunan aka sa wa gidan nan ƙofar ƙarfe. A lokacin ba wanda ya tuna da baki.

Suwaiba ta fito tsakar gida.

"Malam Abbas, shekaranjiya Sista Mabel ta zo karɓar kwandunanta. Ma'aikaciyar jinya ce, shekara ashirin tana wannan aiki. A gabanka ta danna ƙafar Saliha, ramin ya ƙi tashi. Me ta ce maka?"

"Ta ce a je a auna jini."

"Ta ce a je a ranar! Yau kwana nawa?"

"Kumburin ƙafa kuma har abin tashin hankali ne?" Goggo ta yi dariya. "Alamar namiji ne, 'yar nan. Tara na haifa a ɗaki, wa ya auna ni? An karɓo rubutu, ga hayaƙi na sa. In an yi la'asar ba sauƙi, sai a tafi."

Suwaiba ta dubi Abbas. Mutumin nan yana da difloma, shi ke yi wa 'yan unguwa bayanin rigakafi a majalisa. Ya sunkuyar da kai yana juya wayar a hannu.

"A bari a yi la'asar ɗin, Malama Suwaiba. Ba zan tsallake maganar babba ba."

Ƙarfe sha ɗaya na safe ne. Daga ƙofar gidan zuwa asibiti minti goma ne a Keke Napep, kuma lambar mai keken na cikin wayar Suwaiba. Ta fito da wayar, ta dube ta, ta mayar. Ba gidanta ba ne. Ba ƙanwarta ba ce. Gobe za a ce matar maƙwabci ta shigo ta ɗauke matar mutane ba izini. Haka muke a garin nan: mun fi tsoron a ce ba mu da kunya a kan a ce mun bar mutum ya mutu.

Ta koma ɗaki ta zauna tana yi wa Saliha fifita.

"Bari in kira mai keke, ko me za a ce a ce."

"Ki bari, kada a ce na raina Goggo." Can Saliha ta ƙara da cewa, "Sun goge duka?"

"Duka."

"Har na farkon nan, mai karkataccen ɗauri?"

"Har shi."

"Shi na fi so," in ji Saliha, ta juya fuskarta bango.

Ba a kai la'asar ba. Wajen uku da rabi jikin Saliha ya sandare, idanunta suka juye, ta fara jijjiga har katifar na motsi. Goggo ta shigo da gudu tana salati.

"Kada a taɓa ta! Mutanen ɓoye ne, a kawo hayaƙin!"

"Matsa, Goggo."

"Ni kike ce wa..."

"Na ce ki matsa!"

Da ɗaurin ƙirji kawai Saliha take. Suwaiba ta fita a guje, ta finciko farin ƙyallen nan daga katanga har gefensa ya yage, ta lulluɓe ta da shi. Yanzu kam Abbas ya san hanyar titi. Yanzu ya iya ihu yana tsayar da keke.

A asibiti ma'aikatan suka karɓe ta da gudu. Wata ta tsaya da takarda ta tambayi Abbas tun yaushe take ciwon kai. Ya ce kwana uku. Matar ta ɗago ta dube shi, ta sake duban takardarta. Kafin magariba Saliha ta cika, ita da abin da ke cikinta. Namiji ne, kamar yadda Goggo ta faɗa.

Ranar sadakar uku tsakar gidan ya cika da mata. Sista Mabel na zaune a gefe, ta rufe kai da mayafi, idanunta jawur. Wata na raɗa wa wata cewa ita yanzu ba ta san wa zai haɗa mata kwandunan bikin 'yarta ba. Wata dattijuwa ta yi ajiyar zuciya.

"Baki mugun abu ne. Allah ya raba mu da tallan waya. Kwana dai ya ƙare."

"Kwana ya ƙare, na yarda," in ji Suwaiba, da ƙarfin da ya sa kowa ya waiwayo. "Ba na ja da ikon Allah. Amma ba waya ce ta kashe ta ba. Awa huɗu da rabi muka zauna a gidan nan muna goge hoton sabulu da turare, jininta na hawa. An faɗa mana! Ga wadda ta faɗa mana nan zaune!"

"Ke 'yar nan, yi istigfari," in ji dattijuwar.

"Ina yi, Hajiya. Tun ranar nake yi. Ni ce ke da lambar mai keke a hannu."

Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da za ta fita, ta tarar da Abbas a zaure shi kaɗai. Ya rame cikin kwana uku.

"Malama Suwaiba," ya ce, bai iya kallonta ba. "Ko kina da hotonta a wayarki? Nata duk suna cikin na kayan. Tare suka tafi."

Suwaiba ta buɗe wayarta ta yi ta nema. Guda ɗaya ta samu, wanda Saliha ta taɓa turo mata tana tambaya ko ɗaurin ya yi. Kwando ne a kan turmi, da hannu mai lalle yana gyara bakin leda. Fuskar ba ta fito ba. Ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallo.

Washegari da safe ta shiga kai wa masu zaman makoki kunu. Ba kowa a tsakar gidan, turmin na nan inda yake. Rana ta tsallako ta saman gidansu, ta sauka a katanga, daidai tsakanin ƙusoshin nan biyu. A jikin ɗaya akwai ɗan guntun farin zare, iska na kaɗa shi.